Daga Akwatin Rediyo Zuwa Zauren Nashville: Shaidar Wani Mai Son Waƙar Kantiri

Duk wanda ya yi wayo a Kaduna ko Jos ko Zariya a shekarun 1970 da 1980 ya san muryar Jim Reeves, ko da bai riƙe sunansa ba. Ya san ta Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers. Sashen Turanci na gidajen rediyonmu ya sha sa su, musamman safiyar Lahadi da kuma can dare idan ƙafa ta ɗauke, masu shagon kaset kuma suna jera su kusa da na Shata da Ɗan Maraya. A cikin masu saurarensu na taso, abin kuma bai sake ni ba har furfura ta fito. Neman abinci ya kawo ni jihar Tennessee ta Amurka, inda cibiyar wannan kiɗa take, saboda haka abin da zan faɗa shaida ce ta wanda ya daɗe da kunne a jikin rediyo, daga baya kuma ya zauna a kujerar kallo. Shaidar tawa ba ta da yawa: waƙar kantiri, wato irin waƙar su Jim Reeves ɗin nan, 'yar rediyo ce. A can ta girma, don can aka tsara ta, kuma wanda bai gane haka ba zai zuba kuɗinsa a tikiti ya fito yana ƙorafi.

Shi Jim Reeves ɗin, lokacin da muke jin sa ya daɗe a ƙasa. Jirginsa ya faɗi kusa da Nashville, babban birnin Tennessee, ranar 31 ga Yulin 1964. Ɗakin da ya ɗauki da yawa daga cikin waƙoƙinsa, RCA Studio B, yana nan har gobe a unguwar Music Row, ana kai masu ziyara daga gidan tarihin waƙar kantiri da ke tsakiyar gari.

Tushen maganar rediyo kuwa yana 1925. A watan Oktoban wannan shekara wani kamfanin inshora ya buɗe tashar WSM a Nashville don tallata hajarsa. Ranar 28 ga Nuwamba, mai gabatarwa George D. Hay ya zaunar da wani tsoho ɗan shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, a gaban makirfo ya yi ta goge. Wannan zama shi ne ya zama shirin Grand Ole Opry, wanda ya samu sunansa a 1927, kuma ake watsa shi kai tsaye kowane daren Asabar har yau. Ambaliyar kogin Cumberland ta watan Mayun 2010 ta cinye dandamalin zauren da ake yin shirin a ciki, amma shirin bai tsaya ba, aro aka riƙa yi na wasu zaurukan gari har aka gama gyara a watan Satumba. A 2020 da annoba ta hana taro, mawaƙa sun riƙa rerawa kujeru ba kowa, makirfo a buɗe. Sun yi daren Asabar na 5,000 a ƙarshen Oktoban 2021, suka cika shekara 100 a 2025.

Abin da ya ba wannan shiri ƙafa shi ne ƙarfin tashar. A 1932 aka ba WSM izinin watsawa da wat 50,000 a kan lamba 650 a zangon AM, kuma aka share mata wannan lamba da dare don kada wata tasha ta hau kanta. Hasumiyarta tana Brentwood, kudu da Nashville, siririya sama da ƙasa, mai ciki a tsakiya, tsayinta kimanin mita 246. Da farko ta kai mita 268. A 1939 aka rage ta, domin injiniyoyi sun gano tsayin ya sa siginar tana cin kanta a wajejen Chattanooga da Knoxville, wato inda ake neman ta fi kyau nan take lalacewa.

Wanda zai saurari AM sai ya san halinta. Da rana siginar ƙasa take bi, ba ta wuce tsakiyar Tennessee da gefen Kentucky da Alabama da kirki. Dalili, can sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, shi ke shanye duk siginar da ta hau. Rana na faɗuwa wannan rufi sai ya watse, siginar ta wuce zuwa wanda ke samansa, ta doku ta sauko ƙasa ɗaruruwan kilomita daga inda ta tashi. Shi ya sa direban babbar mota a Ohio ko Arkansas ko Jojiya yake kama 650 bayan magariba, bai kama ta da azahar. Sanyin hunturu ya fi zafin bazara kyau, saboda dare ya fi tsawo, tsawa kuma ta yi ƙaranci. Duk walƙiyar da aka yi tsakaninka da tashar za ka ji ta ƙarau a lasifika. Sauti kuma yana tafiya yana dawowa. Idan siginar da ta biyo ƙasa da wadda ta sauko daga sama suka iso ba a tare ba, sai su danne juna, muryar mawaƙi ta shaƙe na 'yan daƙiƙu kafin ta buɗe. Rediyonka lafiya lau yake, kada ka buga shi.

Akwai kurakurai uku da na ga suna hana 'yan'uwanmu jin daɗin AM a nan. Na farko rediyon da aka taho da shi daga gida. A Afirka da Turai tazarar tashoshin AM kilohaz 9 ce, a Amurka kuwa 10. Rediyo mai lambobi da aka saita wa ƙasarmu zai tsallaka daga 648 zuwa 657, ba zai taɓa tsayawa a 650 ba, sai ka ji muryar tana fita a murɗe. Da yawansu suna da ɗan makunni a cikin ramin batir ko a jerin saituna, mai rubutu 9 da 10, ka mayar da shi 10. Mai allura da ake murzawa da hannu ba ruwansa da wannan. Na biyu eriya. Doguwar sandar da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Eriyar AM tana cikin akwatin, wani ɗan sanda ne baƙi da aka naɗe da waya, kwance bisa tsawon rediyon. Saboda haka rediyon gaba ɗaya ake juyawa a hankali har fuskarsa ko bayansa ya dubi inda tashar take. Idan gefensa ya dube ta, sautin ɓacewa yake. Na uku hayaniyar gida. Cajar waya, ƙwan fitilar zamani mai arha, kwamfuta, inbata, duk suna zuba ƙugi a zangon AM. Ka sa batir maimakon jona wuta, ka matsa bakin taga, ka riƙa kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Yawanci caja ce.

Wanda ke Kano ko Maraɗi kada ya wahalar da kansa da neman 650, ba za ta iso ba. Intanet ita ce hanya: tashar tana watsa shirinta kyauta a shafinta da manhajarta. Lissafin lokaci ne ke ruɗa mutane. Shirin Asabar yakan fara ƙarfe 7 na yamma agogon Nashville. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba, Najeriya da Nijar suna gabansu da awa 6, wato ƙarfe 1 na dare, wayewar Lahadi. Sauran watannin tazarar awa 7 ce, wato ƙarfe 2. Mutanen Kumasi da Tamale su rage awa ɗaya. Data ba ta ci sosai: sauti mai matsakaicin inganci bai wuce megabayit 30 zuwa 60 a awa ba.

Sai dai kada a ɗauka duk tashar kantiri irin WSM ce. Amurka tana da tashoshin kantiri fiye da 2,000, galibinsu FM, kuma yawancinsu ba na iya jure su fiye da tafiyar kasuwa. Tun da dokar sadarwa ta 1996 ta sassauta iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka, sai manyan kamfanoni suka tattare ɗaruruwa. Jerin waƙoƙin da ake juyawa gajere ne, sabuwar waƙar da ke tashe za ka ji ta sau da yawa a yini ɗaya, kuma sau tari mai gabatarwar da ke gaishe ka da sunan garinku yana wata jiha, tun safe ya ɗauki maganarsa kwamfuta ta jera ta tsakanin waƙoƙi. Duk da haka ƙarfinsu bai mutu ba. Sabon mawaƙi har yanzu yakan ɗauki jita ya bi tasha-tasha yana rera wa shugabannin shirye-shirye a ofis, waƙa kuma takan yi watanni tana hawa jadawalin rediyo a hankali kafin ta kai ƙololuwa. Su ne ke ɗaga mutum, su ne ke kayar da shi. A watan Maris na 2003 wata daga cikin mawaƙan ƙungiyar Dixie Chicks ta soki shugaba Bush a dandamali a Landan gab da yaƙin Iraƙi; cikin kwanaki tashoshi da dama suka daina sa su, alhali suna kan ganiyarsu. Mata kuma sun daɗe suna kukan ba a ba su fili daidai da maza, kuma wanda ya ƙirga muryoyin da yake ji cikin awa ɗaya zai ba su gaskiya.

Yanzu ga inda masu zuwa kallo suke tuntuɓe. Opry ba wasan mawaƙi ɗaya ba ne. Shirin rediyo ne da aka bar mutane su shigo su gani. A dare ɗaya za a fito da mawaƙa kamar takwas, kowa ya yi waƙa biyu zuwa huɗu ya sauka: tsoho mai shekara tamanin, yarinyar da yau ce fitowarta ta farko, 'yan kiɗan gargajiya masu banjo da goge, wani lokaci mai barkwanci, ranar Asabar kuma da masu rawar taka ƙasa. A gefen dandamali mai sanarwa yana tsaye a bayan teburinsa, idan mawaƙi ya sauka sai ya karanta talla da bakinsa, kai tsaye, yayin da ma'aikata ke ja da makirfo suna sauya jita a gaban idon kowa. Agogo ke mulki. Komai girman tauraro, idan lokacinsa ya cika ya cika. Cikakken jerin waɗanda za su fito kuma ba ya bayyana sai kwanaki kaɗan kafin ranar. Wanda ya sayi tikiti saboda suna ɗaya da ya gani, yana jiran awa biyu na waƙoƙinsa, zai samu minti goma sha biyar. A ganina nan daɗin yake, domin a wannan tsari ne kake jin wanda ba za ka taɓa nema da kanka ba. Amma gara mutum ya sani tun daga gida.

Tuntuɓe na biyu zaure ne, don biyu ne. Ryman yana tsakiyar gari. Majami'a ce asali, wani mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, ya gina ta aka buɗe a 1892, kuma Opry ta zauna a ciki daga 1943 zuwa 1974. Yana ɗaukar mutum 2,362, a kan bencinan katako na majami'a, marasa katifa. Sautinsa babu na biyunsa a garin, katako da zagayen ginin suna riƙe murya ba tare da sun dagula ta ba. Amma kujerun baya a ƙasa suna ƙarƙashin bene, rufin ya sauko, ginshiƙai kuma suna tare ido. Layukan gaba na bene sun fi su nesa ba kusa ba, ko da kuɗin ɗaya ne. Sabon zauren, Grand Ole Opry House, an buɗe shi ranar 16 ga Maris 1974, yana ɗaukar kimanin 4,400, yana wajen gari ta arewa maso gabas, tafiyar kusan minti ashirin a mota idan hanya a buɗe take. A tsakiyar dandamalinsa akwai da'irar katako mai faɗin kusan mita biyu da aka yanko daga dandamalin Ryman, launinta ya fi na kewaye duhu, a kanta kowane mawaƙi yake tsayawa. Ruwan 2010 ya rufe ta, aka ciro ta aka gyara aka mayar. Wasu lokutan, musamman da hunturu, shirin yakan koma Ryman na ɗan lokaci. Ka karanta sunan zauren a tikitinka sau biyu. Ba sau ɗaya ba ake ganin baƙi a ƙofar wannan alhali ana buɗe labule a wancan.

Idan ka zauna, ka ɗauke ido daga mawaƙi ka dubi mutumin da ke zaune a baya gaban wani abu mai ƙafa huɗu. Jitar kwance ce mai feda, ita ce ke yin wannan kukan mai ja da muke ji a kaset ba mu san daga ina yake fitowa ba. Tsirkiya goma ce a wuya ɗaya, wasu suna da wuya biyu. Hannun hagu yana riƙe da gajeren ƙarfe mai santsi yana zamewa a kan tsirkiyoyin. Yatsu uku na dama suna sanye da farce na ƙarfe da roba suna tsinka. Ƙafar hagu tana taka feda, yawanci uku, kowace tana ƙara wa wasu tsirkiyoyi tauri. Gwiwoyi biyu suna tura wasu sanduna da ke rataye a ƙasan teburin, hagu da dama, su sassauta wasu ko su ɗaure su. Ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙarar sauti, yana danne ta bayan ya tsinka don kada a ji bugun, sai dai kukan ya taso. Fuskarsa ba ta motsi, kansa a sunkuye, amma gaɓoɓinsa duka aiki suke.

Shi da sauran makaɗan zaure su ke raka yawancin masu fitowa, wani lokaci da ɗan gwaji kaɗan a bayan labule. Sirrin yana kan takardar da ke gabansu. A Nashville ba a cika rubuta sunayen sautuka ba, lambobi ake rubutawa, 1, 4, 5, 6 da sauransu, gwargwadon matsayin kowane sauti a kan wanda aka fara da shi. Idan mawaƙiya ta ce yau muryarta ba za ta kai sama ba, a sauko, takardar ba ta canjawa, mafari kawai ake sauyawa. A ƙananan wurare ma ba takarda: jagoran kiɗa yana ɗaga yatsu a bayan mawaƙi, huɗu, sannan biyar, sannan ɗaya, sauran suna bi.

Banjo kuwa ɗan gida ne da ya yi nisa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙirƙire shi a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, daga dangin kayan kiɗan da gurmi da molo suke ciki. Masu bincike sun fi nuna akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya a matsayin makusancinsa. Daga baya aka sa masa da'irar katako da ƙarfe. Baƙaƙen fata suna cikin wannan kiɗa tun farko, ko da an sha ture su gefe. DeFord Bailey, mai busa hamonika, yana cikin taurarin Opry na farko-farko, aka sallame shi a 1941. Charley Pride ya cika zauruka tun ƙarshen shekarun 1960, ya zama ɗan Opry a 1993. Darius Rucker ya shiga a 2012.

Wanda yake son kalmomi, wato labarin da ke cikin waƙar, wanda shi ne ya kama yawancinmu tun farko, ya nemi zaman marubuta. A Nashville sau da yawa mai rubuta waƙa daban, mai rera ta daban. A Bluebird Cafe, wani ɗan wuri mai kujera 90 a jerin shaguna a unguwar Green Hills, wanda aka buɗe a 1982, marubuta uku ko huɗu suke zama a tsakiyar ɗaki suna fuskantar juna, kowa da jitarsa, suna karɓa-karɓa. Kowa ya faɗi yadda waƙar ta samu sannan ya rera. Surutu haramun ne a wurin, ka ɗaga murya a yi maka shit. Tikitinsa a intanet ake saki kwanaki kafin ranar, kuma cikin mintuna yake ƙarewa, sai ka zauna da waya a hannu kafin lokacin ya buga.

Titin Broadway na ƙasa duniya ce dabam. Mashaya ce a jere, irin su Tootsie's da Robert's Western World, kiɗa tun kafin azahar har bayan biyun dare, kowace ƙungiya awa huɗu. Ba a biyan kuɗin shiga, makaɗan kuma da abin da aka jefa a bokiti suke rayuwa, kamar dai liƙi a gidan biki, sai dai a nan bokitin ne yake zagayowa. Wanda ya tsaya ya ji waƙa uku ya kamata ya saka dala biyar; wanda ya nemi a yi masa wata waƙa ta musamman, ashirin ce al'ada. Ba zan ɓoye ba, giya ta cika wannan titi, ta cika waƙoƙin zamani ma, kuma da dare wurin ba na mai iyali ba ne. Da yamma ta yi sai mai shekara 21 da katin shaida. Mai son kiɗan kawai ya je da rana tsaka a ranar aiki, ya ji tsofaffin waƙoƙi a Robert's, ya fita kafin gari ya rikice. A Opry da Ryman ana sayar da giya, amma zama ake yi, da yara da tsofaffi. Abinci ma sai da tambaya. Gasasshen naman Tennessee galibi alade ne, wake da ganye ma sau da yawa da shi ake dafa su, kazar nan mai yaji da garin ya yi suna da ita kuma a asalin girkinta da kitsen alade ake kwaɓa yajin. A titin Nolensville Pike, inda Kurdawa da sauran baƙi suka yi yawa, akwai halal a wadace. Masallacin Islamic Center yana titin 12th Avenue South. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas, wato magariba tana riskarka a tsakiyar wasa, sai ka shirya wa hakan tun kafin ka shiga.

Babban taron shekara shi ne CMA Fest, kwana huɗu a watan Yuni, Alhamis zuwa Lahadi. Ya faro a 1972 da sunan Fan Fair, don masoya su gaisa da mawaƙa hannu da hannu. A na 1996 Garth Brooks ya yi awa 23 yana sa hannu a takardun mutane bai tashi ba. Da rana dandamali da yawa a cikin gari kyauta ne, da dare kuma a filin ƙwallon da ke tsallaken kogi, kowane tauraro kamar rabin awa. Zafin Yuni yana haura digiri 30, wanda ba komai ba ne ga ɗan Sakkwato, amma da laima mai nauyi, gumi ba ya bushewa, kuma shi ke kayar da mutane a layi. Ruwa, hula, takalmin da aka saba da shi. Sabon takalmin kaboyi da aka saya jiya a Broadway, kafin la'asar ya fasa dunduniya.

Wasan filin ƙwallo shi ne mafi tsada, kuma a wurina shi ne mafi nisa da abin da ya sa muka so kiɗan. Girmansa ba wasa ba: George Strait ya tara mutum 110,905 a Kyle Field da ke Texas a watan Yunin 2024. Amma sauti yana tafiyar mita 343 ne kawai a daƙiƙa. Wanda ke mita 100 daga dandamali yana ganin bakin mawaƙi a allo ya motsa, sai bayan kusan sulusin daƙiƙa muryar ta iso. Ana kafa ƙarin lasifikoki a tsakiyar fili da aka jinkirta su don su dace da na gaba, duk da haka kujerun da ke ƙarƙashin rufin kankare suna tara amon ganga da na babbar jita har kalmomi su nutse. Wuri mafi kyau shi ne kusa da rumfar masu haɗa sauti, wadda ke tsakiyar fili tana fuskantar dandamali, domin da kunnen wanda ke zaune a nan aka daidaita komai. Gaba-gaba kusa da lasifika ido ne ke morewa, kunne yana biya. Ƙarar takan kai desibel 100, kuma a ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, desibel 85 awa takwas ne, duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato 100 minti goma sha biyar ke nan. Abin toshe kunne na soso yana aiki amma yana dusashe murya; a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura. Wanda ake yi don makaɗa, mai rage desibel 15 zuwa 20, ya fi, don yana rage ƙara ba tare da ya cinye kalmomi ba. Yara kuwa sai da na rufe kunne gaba ɗaya.

Lokacin da aka rubuta a tikiti na mai share fage ne. Na farko yakan yi minti 20 zuwa 25, na biyu kamar 45, mai gayya ba ya fitowa sai wajen tara, ya yi awa ɗaya da rabi ko fiye, a tashi wajen sha ɗaya. Farashin da ka fara gani ba lalle shi za ka biya ba, ka duba jimilla kafin ka danna. Tikiti yanzu a waya yake, lambarsa kuma tana sauyawa kowane ɗan lokaci, don haka hoton allo ba ya shiga da kowa, wanda kuma ya ce zai sayar maka da hoton tikiti a kafar sada zumunta, kuɗinka yake so. Ka sauke tikitin cikin wayar tun a masauki, saboda idan mutum dubu hamsin suka taru layin waya yana cushewa, a bakin ƙofa shafin ba zai buɗe ba. Jaka sai mai gani-har-hanji, wadda ba ta wuce inci 12 da 6 da 12 ba, ko 'yar ƙaramar pos. Wadda ta fi haka za a mayar da kai da ita mota. Galibin filayen ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ruwan sama ba ya tsayar da wasa, walƙiya ce ke tsayarwa: idan ta matso kusa za a kwashe mutane zuwa ƙarƙashin rufi, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a ga wata ba, kowace sabuwa kuma tana mayar da ƙidayar farko. Lema ba ta shiga, rigar leda ake ɗauka.

Fita ma aiki ce. Motocin haya na manhaja suna ninka kuɗi da zarar an kunna fitilu, direban kuma ba zai iya isowa ƙofa ba saboda an rufe tituna. A Nashville gara ka bi gadar masu ƙafa ka tsallaka kogin zuwa cikin gari, ka yi tafiyar minti goma sha biyar nesa da cunkoson kafin ka kira mota. Idan ku da yawa ne, ku tsayar da wurin haɗuwa da lambar ƙofa tun kafin ku shiga, don a wannan lokacin kira ba ya shiga, batirin wayar ma ya riga ya ƙare a ɗaukar bidiyo.